Kiɗan Inji da Kiɗan Turmi

A Karu ta Abuja yanzu, in ka ji gida ya ɗauki kiɗa ranar Asabar, ba sai ka leƙa ba ka san abin da ke ciki. Saurayi ɗaya ne a bayan tebur da kwamfutarsa, manyan sifiku a dama da hagu, janareto kuma na ruri a bayan katanga. Haka abin yake a Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, har ka tsallaka zuwa Mararaba a Jihar Nasarawa. Kamu ne, dina ce, suna ne, taron ƙungiyar 'yan gari ɗaya ne, DJ ne mai filin. Har ranar al'adu da makarantu ke shiryawa, inda yara ke cin ado da kayan gargajiya, rawar da za su taka daga cikin filasha take fitowa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Ingila, bikin Glastonbury da aka fara a 1970 a gonar wani mai kiwon shanu, da masu jita da ganga ya yi suna, irin kiɗan nan da Turawa ke kira rock. Yau a cikin filin akwai unguwanni sukutum da ba a jin komai sai kiɗan na'ura har gari ya waye. A garin Boom na ƙasar Beljiyam kuwa, bikin Tomorrowland da aka soma a 2005 yana tara mutum wajen 400,000 cikin ƙarshen mako biyu, kuma waɗanda ake tururuwar gani masu murɗa maɓallai ne. Tsofaffin masu jita na can suna irin ƙorafin da makaɗanmu ke yi a nan.

Ni dai in aka tayar da wannan zance, turmi da injin niƙa ne ke faɗo mini a rai.

Wanda ya tashi a gidan yawa ya san daka ba aiki ne kawai ba. Mata biyu ko uku kan turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, lugude ya kankama, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. A nan ake waƙa, a nan ake habaici ga kishiya, a nan yarinya ke koyon surfe da bakace da ribɗi. Daga waje maƙwabci kan gane ko gero ake surfawa ko dakan fura ake yi, don sautin ba ɗaya ba ne. Sai inji ya shigo unguwa. Babu wanda ya kira taro ya hana turmi, shi da kansa ya koma bayan ɗaki aka kife shi, yara na zama a kai.

To, ka dubi matar da ke haya a Karu, ɗaki ɗaya a gida mai maƙwabta goma, wadda dole ta fita da asuba kafin cunkoson gadar Nyanya zuwa AYA ya riƙe ta. Ina za ta ajiye turmi, yaushe kuma za ta yi dakan? Roba za ta miƙa wa yaro ya kai wa mai inji. Duk wanda ya ga laifinta bai taɓa surfa kwano biyu na masara ba.

Lissafin ango ma ke nan. In ya gayyato makaɗin kalangu, ba shi kaɗai zai zo ba. Akwai 'yan amshi, akwai masu ƙananan kalangai, akwai sanƙira, ga kuɗin mota daga Zariya ko Funtuwa, ga abinci da masauki, sannan ga liƙi. DJ kuwa keke napep ɗaya ya ishe shi da kayansa. Kuma Karu gari ne na taron dangi: Gbagyi masu ƙasa, Hausawa, Ibo, Yarabawa, Tibi, Idoma, duk a layi ɗaya, duk kuma za su zo bikin. Cikin rabin sa'a DJ zai saka wa dangin amarya Ado Gwanja, ya saka wa abokan ango Hamisu Breaker, ya juya ya ba abokan aiki amapiano na Afirka ta Kudu, kowa ya tashi ya taka. Wane makaɗi ne zai iya wannan? Arha da sauri da sauƙin ɗauka su suka ba na'ura filin, kamar yadda suka ba inji.

Ba DJ ne ma ya fara ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ta shiga situdiyoyin Kano, irin su Iyan Tama, masu fim suka gano cewa mutum ɗaya zai iya fitar da sauti mai kama da sarewa da ganga da yatsunsa kawai. Waƙar fim ɗin Sangaya ta game gari, daga nan nanaye ya kafu. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan wannan sauyi. Manyan makaɗa kuma suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya: Musa Ɗanƙwairo a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. 'Ya'yan makaɗa da yawa suka ga sana'ar gado ba ta ciyarwa, suka ajiye ganga suka nemi situdiyo ko wata sana'ar daban. Ban ga laifinsu ba su ma.

Sai dai duk mai kai markaɗe ya san halin inji. Ka kai ƙullun koko, in wadda ta riga ka attaruhu da albasa ta markaɗa, to da safe yaranka za su sha koko mai yaji. Komai ta maƙogwaro ɗaya yake bi, mai inji kuma ba ya da lokacin wankewa, layi na jiransa. Saurari waƙoƙin biki goma na bana a jere. Muryoyi daban, sunayen amare daban, amma kiɗan ƙasa kusan ɗaya ne, har gyaran muryar da na'ura ke yi iri ɗaya ne, ta yadda mai sanyin murya da mai kaushi duk sukan fito da zaƙi ɗaya. Ɗanɗanon waƙar jiya yana cikin ta yau. Da can kuwa kowane rukuni da kiɗansa: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, taushi da kotso na fada, ƙwarya da shantu na mata a cikin gida. Ga mayanka nan a Karu cike da mahauta, amma ka tambayi samarinsu ko akwai wanda ya san takensa a kalangu.

Wannan taken shi ne abin da ya fi damuna. Makaɗi yana kallon wanda yake yi wa kiɗa. In tsohuwa ta shigo fili ya ga ƙafarta ba ta da sauri, zai sassauta hannu ya bi ta. In ya hango ɗan wane, zai matse tsarkiyar kalangu ya kira sunan kakansa, mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun kafin a buɗe baki. Shata kan ƙirƙiri waƙa nan take a gaban mai ita, Barmani kan karanta fuskokin matan da ke gabanta ta san inda za ta soka zance. Waƙar da ke cikin kwamfuta an gama ta tun a situdiyo, yadda ta fito a bikin jiya haka za ta fito a na gobe. DJ mai basira yana karanta taro, ban hana shi wannan ba, ya san lokacin da zai sauya waƙa. Amma zaɓe yake cikin abin da aka riga aka niƙa. (Ba na ma son in tayar da zancen ranar da janareto ya shaƙe ana tsakiyar liƙi, amarya tsaye a fili, kowa na kallon kowa.)

Kada a ce na'ura ba ta haifar da abin kirki. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai jita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahel har suka kai kunnen mutanen waje. Amma da duniya ta kira shi, da jita da mai ganga na gaske ya je, kuma da su ya hau dandalin Coachella a Amurka a 2024. Ɗan uwansa Buzu, Bombino na Agadas, shi ma da jitarsa ya kai ga shiga takarar Grammy. A lokacin da Turawa ke cika filayensu da na'ura, hannun ɗan Sahel a kan tsirkiya suke biyan kuɗi su gani.

Turmin ma bai mutu ba. Shiga gidan abinci a Karu ka ce sakwara kake so, za a tambaye ka ta gari ko ta daka, kuma ta daka ta fi tsada, masu ita kuma ba sa rasa ciniki. Wanda ya san bambanci yana biya. Kiɗan hannu ma can ya dosa, ya zama na ranar da ake son a nuna an yi abu da gaske.

Saboda haka ban ce ango mai ƙaramin ƙarfi ya ci bashi don ya kawo makaɗa ba, ya kira DJ ɗinsa a sha biki lafiya. Maganata da masu shirya taron da suka laƙaba wa sunan al'ada ce, tun daga Bikin Kanibal na Abuja da aka fara a 2005 har zuwa ranar al'adu ta makarantar unguwa. Abin da aka saba shi ne a kira masu kalangu da 'yan rawar Gbagyi da rana tsaka, kujeru babu kowa, su yi minti goma ba lasifika mai kyau, a sallame su da kuɗin mota, sannan da yamma in jama'a ta cika a miƙa wa DJ fili da kaso mafi tsoka na kuɗin. In da gaske al'adar ake son nunawa, a ba makaɗi lokacin da mutane suka taru, a sa masa makirfo a bakin gangarsa, a kuma biya shi kuɗin da ɗansa zai gani ya yarda ya gaji sana'ar.