Kwamfutar Kawu da Ta Koma Tafiyar Hawainiya

Kawuna yana da ɗan shago kusa da wata makarantar gaba da sakandare a Kano. Nan yake buga wa ɗalibai takardu, ya tsara katin biki, ya cike wa yara fom na jarrabawa. Jarinsa kaf kwamfutar tebur ce guda ɗaya, baƙa, ta hannu, mai furosesa Core i3 irin na wajejen 2011. A ƙarshen hunturun da ya wuce ya kira ni.

"Ɗana, ka zo ka duba min abar nan. Da safe sai in kunna ta, in share shago, in sha kokona, in dawo in tarar 'yar da'irar nan tana ta juyawa. Ɗalibai sun fara tsallakawa shagon gaba."

Na ce, "To Kawu, ina nan tafe bayan la'asar. Amma don Allah kada a bar kowa ya taɓa ta kafin in zo."

Na faɗi haka ne don na san shawarar da za a ba shi, kuma ashe har an ba shi. Wani ya ce a yi mata fomatin, wato a share komai a sake zuba Windows. Wani ya ce ta tsufa, a sayar wa 'yan gwangwan. Babu wanda ya tsaya ya tambaya me ke damunta. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai, domin kwamfuta ba ta yin nauyi haka kawai. Akwai wani sashe guda da ya gaza, sauran kuma suka tsaya jiransa. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanne ne.

Da na isa ban fara da buɗe akwatin ba. Na fito da filashi mai girma na kwashe takardun Kawu: ayyukan ɗalibai, zanen katuna na shekaru, hotunan iyali. Ya ce, "Ai ba lalacewa ta yi ba, nauyi ne kawai." Na ce masa nauyi yakan zama sallamar farko ta faifan ajiya mai shirin mutuwa. Faifan nan na da, ƙarfe ne mai juyawa, a irin wannan kwamfutar sau 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansa yana karanta bayanai, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. In wani wuri ya lalace a jikin faifan, hannun zai yi ta komawa yana sake gwadawa, kai kuma kana zaune kana jira. Yawan ɗauke wuta ana tsakiyar aiki yana ƙara jigata shi. Duk wanda ya kasa kunne ya ji akwatinsa na yin ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, ya bar komai ya kwashe kayansa a ranar. Akwai wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanta rahoton lafiyar da faifan ke rubuta wa kansa: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa magana ta ƙare. Na Kawu rawaya ya nuna.

Sannan muka kashe ta, muka zare wayar wuta daga bango, na danna maɓallin kunnawa na ɗan riƙe don ragowar wutar ta fita, na kwance noti biyu na zame murfin gefe.

Kawu ya leƙa ya yi salati. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta haɗu da zaren tufafi da ɓurɓushin takarda ta zama kamar bargo, ja-ja, ta lulluɓe haƙarƙarin ƙarfen da ke zaune a kan furosesa. Fankar tana juyawa, amma iskar ba ta da hanyar wucewa. Na sa yatsa na ɗago gefe ɗaya, ƙurar ta taso a dunƙule kamar ƙanzon tuwo daga gindin tukunya. Mutane da yawa ba su san cewa furosesa tana da dabarar kare kanta ba: idan zafi ya yi mata yawa sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa za ka ga kwamfuta da sanyin safiya tana ɗan motsi, amma da azahar ta yi, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, a shago mai rufin kwano, sai ta zama kamar an ɗaure mata ƙafa.

Muka fita da ita bakin titi. Na yi amfani da busasshen buroshin fenti da abin hura iska, na danne fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima. Ba a sa ruwa, ba a sa jiƙaƙƙen tsumma, kuma kafin a taɓa komai a ciki a fara dafa ƙarfen akwatin. Na cire haƙarƙarin, na tarar man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya farfashe kamar ƙasar fadama da rani. Na goge shi tas, na ɗiga sabo daidai ƙwayar wake, na mayar. Na kuma duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan babban allon. In kansu ya kumbura ko yana tsatso wani abu ruwan ƙasa, wannan aikin mai gyaran lantarki ne. Na Kawu lafiya lau suke.

Da muka kunna, kukan fankar ya lafa, amma nauyin bai tafi duka ba. A nan ne na nuna wa Kawu abin da nake son kowane mai kwamfuta ya sani. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai Task Manager ya buɗe. A Windows 10 zai nuna maka kaso nawa cikin ɗari kowane sashe ke aiki: furosesa, ram, faifai. Wanda ya manne a sama, shi ne mai riƙe da sauran. A tamu furosesa tana hutawa a ƙasa, ram ya kusa cika, faifai kuma ya kafe a kan 100 ya ƙi sauka.

Na yi masa misali da sana'ar maƙwabcinsa tela. Ram shi ne teburin yanka, faifai kuma shi ne ɗakin ajiyar yadi a can baya. In tebur ƙarami ne, duk yadin da za a shimfiɗa sai an naɗe wani an kai ɗaki, in an buƙace shi a sake ɗaukowa. Tela gwani ne, amma yininsa ya ƙare a zirga-zirga. Kwamfutar Kawu gigabait 2 take da shi, ga Windows 10, ga manhajar zane CorelDRAW, ga Chrome da shafuka goma a buɗe. Dole ta yi ta kai-komo zuwa ga faifan da shi kansa ba lafiya gare shi ba.

Kafin a kashe ko sisi, akwai abin da za a rage. A shafin Startup na tarar da manhajoji goma sha uku da ke tashi tare da kwamfutar, yawancinsu Kawu bai taɓa jin sunansu ba. Yaran da ke taya shi aiki ne suka zuba. Na kashe duk wanda ba dole ba. Akwai kuma masu gadin ƙwayar cuta har biyu, kowanne yana binciken ɗan'uwansa, ɗaya ma wa'adinsa ya ƙare tuntuni. Na cire su na bar Defender da ke zuwa da Windows ɗin, na sa shi ya bincike ko'ina. Ya kamo irin cutar nan da ke yawo a filashin ɗalibai, mai ɓoye takardu ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Shagon da filashi hamsin ke shiga a rana ba zai rabu da ita ba sai an riƙa bincikar kowanne kafin a buɗe. Su kuwa manhajojin da ke tallan za su ƙara wa kwamfuta gudu da dannawa ɗaya, ra'ayina a guje su. Sau da yawa su ne ƙarin kayan.

Washegari muka shiga kasuwa da tsohon ram ɗin a aljihu. Wannan yana da muhimmanci, don DDR2 da DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Namu DDR3 ne, muka sayi guda biyu masu gigabait 4. A kula kuma: Windows mai 32-bit ba ya iya cin moriyar fiye da kusan gigabait 4, sai mai 64-bit. Muka ƙara da sabon faifan ajiya irin SSD mai gigabait 256. Shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma da wayar SATA ɗin da tsohon faifan ke amfani da ita ake jona shi. Yakan karanta wajen megabait 500 a daƙiƙa, tsohon kuwa ɗari da 'yan kai ne in yana da lafiya. In mutum abu ɗaya kaɗai zai iya saya wa tsohuwar kwamfuta, ni SSD zan ce ya saya. A kansa muka zuba Windows sabo, yanzu da dalili, muka mayar da takardun.

Akwai gaskiyar da ban ɓoye masa ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, kuma furosesar Kawu ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya yarda da su. Mai buga wasiƙu da shiga intanet kawai zai iya komawa Linux Mint, kyauta ne kuma ba shi da nauyi. Kawu kuwa abincinsa na cikin CorelDRAW, wanda ba a yi shi don Linux ba. Muka tsaya a kan zai ci gaba da zane da buga takardu a kanta, harkar banki kuma ya bar ta a wayarsa, yana tara kuɗin wata a hankali.

Na ɗauke akwatin daga ƙasa inda yake shaƙar sharar shago, na ɗora shi a kan benci, na janye shi taƙi ɗaya daga bango. Na rataye buroshin a ƙusa kusa da kalanda, na ce a buɗe a kaɗe da zarar hunturu ya wuce, a kuma sake kafin ya dawo.

Kawu ya danna maɓalli, ya juya zai ɗauki tsintsiya kamar yadda ya saba. Bai kai ƙofa ba na ce, "Kawu, ta gama tashi." Ya dawo ya zauna, ya gyara tabarau, ya buɗe aikin wata ɗaliba mai shafi tamanin da ke jiransa tun shekaranjiya.