Kafin Mai Astigmatizim Ya Koma Ga Tabarau Na Mannawa A Ido

Ma'aikacin da ke ganin haruffa suna yin inuwa a fuskar kwamfuta, fitilun motoci kuma suna jan wutsiya idan ya kama hanyar Kubwa da dare, mai yiwuwa astigmatizim ke damunsa. Yawanci daga tantanin gaban ido matsalar take: maimakon ya zama zagayayye kamar ƙwallo, sai ya ɗan miƙe kamar ƙwai, haske ya kasa taruwa wuri guda.

Irin wannan ido ba kowane tabarau na mannawa ke yi masa ba. Akwai nasa na musamman da ake kira torik, wanda ƙarfinsa ya bambanta daga wani sashe zuwa wani, don haka dole ya zauna daram. Idan ya juya da digiri 10 kacal, kusan kashi ɗaya cikin uku na gyaran ya tafi. Ya kai digiri 30, kamar ba a yi gyaran ba. Shi ya sa masu ƙera shi kan ƙara wa ƙasansa kauri, ko su sirantar da sama da ƙasa, domin ƙiftawa ta riƙa mayar da shi mazauninsa.

A nan masu gaggawa ke yin asara. Sai mutum ya ɗauki takardar gwajin tabaransa na fuska, ya kwafi lambobin CYL da AXIS, ya yi oda ta intanet. Takardar ba ta ɗauke da lanƙwasa da faɗin da za su dace da idonsa. Wannan sai ƙwararre mai rajista da hukumar ODORBN ya auna, ya sanya na gwaji, ya ga yadda ya zauna. Wanda astigmatizim ɗinsa ya yi tsanani, ko tantanin bai da santsi, mai tauri da iska ke ratsawa ya fi yi masa, kodayake sabo da shi sai an yi haƙuri.

Sai kuma yanayin Abuja. Ƙurar hunturu, sanyin na'urar ofis da kafa wa kwamfuta ido duk suna busar da ido. Na yarwa kullum ya fi na wata-wata tsada, amma ya raba mutum da wanki da ajiya, musamman hadimin da ba ya rabo da tafiya.

Ruwan famfo bai kamata ya taɓa shi ba, saboda ƙwayar cutar akantamiba mai iya makantarwa. Mai alwala ya runtse ido sosai ko ya cire tukuna. Ba a kwana da shi sai da izinin likita. Ido ya yi ja, ko zafi, ko ya ƙi haske, a cire nan take, a ga likita a ranar.