Wa Ke Shanye Cajin Kawu?

Telan Katsina a goman ƙarshe na azumi ba mutum ba ne da ake ja da shi. Barci bai ishe shi ba, shaddodin mutane sun yi tsibi, kowa kuma rantsuwa yake tun kafin a ga wata ya kawo nashi. Cikin wannan hali ne kawuna, wanda shagonshi ke Ƙofar Kaura, ba nisa da gadar ƙasan nan da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023, ya yanke hukuncin cewa yaron shagonshi na cin amanarshi.

Ɗanshi da ke aiki Abuja ne ya aiko mashi da iyafis maras igiya, irin 'yan biyun nan masu kwana cikin ɗan gidansu, haɗe da faifan caji wanda ɗora gidan kawai ake yi bisanshi, ba a soka komai. Da su Kawu ke sauraren tafsiri yana taka keke. In ya tafi da faifan gida ya ɗora, kafin sahur gidan ya cika taf. A shago kuwa sai ya ɗora da hantsi, ya je azahar ya dawo, ya iske ko ɗigo bai ƙaru ba. To wa ake bari a shago?

"Waƙa yake sha da shi in na ba da baya," in ji Kawu. "Cikin azumi fa!"

Yaron ya yi ta rantsuwa har idonshi ya kawo ruwa. Na roƙi Kawu ya dakata da maganar kiran uban yaron, ya ba ni kayan in kai wa wani abokina mai gyaran waya a bakin titin IBB. Bayan an sauko daga asham na kai.

Zargin farko da mai gyaran ya yi shi ne wanda kowa zai yi a kasuwarmu: ƙila gidan ba ya ma karɓar irin wannan caji. Ya ce mutane da dama na sayen faifai su ɗora iyafis, su ga fitila ta kama su yi murna, alhali fitilar shaida ce kawai cewa wuta ta shiga faifan. Sai in akwai koyil cikin gidan, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo aka manna jikin bayanshi. A cikin faifan ma akwai wani koyil ɗin. Wuta na kai-da-komo cikin na faifan fiye da sau dubu 100 a daƙiƙa ɗaya, sai ta tayar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya haifar da wuta cikin koyil ɗin gidan. Taransifoma ce aka raba gida biyu, ba wani siddabaru ba. Michael Faraday ya gano haka a Ingila tun 1831. Abin da ya zo daga baya shi ne yarjejeniyar da ta sa faifan wannan kamfani ke fahimtar kayan wancan, wadda ake kira Qi, ta ƙungiyar Wireless Power Consortium da aka kafa a 2008.

Gwajin bai ɗauki lokaci ba. Ya kifa wayarshi ƙirar Samsung, ya kunna mata ba da caji ta baya, abin da kamfanin ya fara sa wa wayoyinshi tun Galaxy S10 a 2019, ya ɗora gidan iyafis ɗin da rigarshi ta roba. Nan take ya ɗauka. Ya jona faifan Kawu a soket, ya ɗora, ya ɗauka.

"Kayan nan lafiyarsu lau," ya ce. "Ciwon yana shago."

Wannan labari bai taimaki yaron ba ko kaɗan.

Kashegari da rana muka je shagon tare. Abu na farko da idon mai gyaran ya sauka a kai shi ne inda igiyar faifan ta nufa. A gida Kawu na da sola, soket yake jonawa. A shago kuwa, saboda wutar da ba ta da tabbas, fawa-banki ne ke ɗauke da faifan. Ya ɗaga gidan iyafis ɗin ya ce mu zuba ido. Ba a jima ba fitilun fawa-bankin suka mutu, ta faifan ta bi su. Yawancin fawa-banki haka aka yi su: in suka ji ba a jan wuta sosai sai su ɗauka an gama, su kashe kansu don kada su zube a banza. Faifan da babu komai bisanshi kuwa kusan ba ya jan komai. Ashe sau da yawa bisa mataccen faifai Kawu ke ɗora abinshi ya tafi masallaci. Maganin kuwa araha: in ka ɗora ka danna maɓallin fawa-bankin, wasu ma in an danna sau biyu sukan zauna a kunne don ƙananan kaya irin su iyafis da agogo.

Muka tafi muna ganin an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kawu ya kira ni yana huci. Yanzu da dare, a shagon, da fawa-bankin, caji na shiga sumul. Da rana ne dai har yanzu babu. Yaron kuma da magariba yake tashi, don yana zuwa makarantar dare.

"Yana nan ba caji, ba ya nan akwai caji. Sai ka faɗa mani, ɗan boko, me ya rage?"

Gaskiya lissafin Kawu ba na wauta ba ne. Amma ba yaron kaɗai ke tafiya in rana ta faɗi ba, zafi ma na tafiya. Azumin ya faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 a inuwa, ga rufin kwano, ga dutsen guga na gawayi a lungu. Batirin litiyom ba a so a yi mashi caji in zafinshi ya wuce wajen digiri 45, kayan kirki kuma da kansu suke tsayar da caji in abin ya kai haka. Cajin faifai na ƙara nashi zafin, domin wani kaso na wutar kan ɓace tsakanin koyil da koyil, ya koma ɗumi. Ni dai na riga na sakankance nan gizo ke saƙa.

Mai gyaran bai musa ba, sai ya ce a gwada. Muka koma shagon tsakar rana, zufa na tsiyaya, ya soka wa gidan igiya kai tsaye. Ya ɗauka, bai tsaya ba. Ya kuma tambayi Kawu ko da sanyin safiya faifan na yi. Kawu ya ce ko da ƙarfe takwas ba ya yi. Zafi ya fita daga zargi. Muka taɓo girgizar keke, ko ita ke gusar da gidan daga tsakiyar faifai, tunda koyil ɗin iyafis ƙarami ne, in ya kauce kaɗan shi ke nan. Amma ai da dare ma keken ba ya hutawa.

Sai mai gyaran ya jawo benci ya zauna, ya ce kowa ya ci gaba da aikinshi. Ya ɗora gidan ya danna fawa-banki. Fitilar faifan ta kama fara tas, ta tsaya ɗan lokaci, sannan ta koma ja tana ƙyaftawa. Ya ɗaga ya mayar, ta sake yin haka.

"Alhaji, da ma haka take ƙyaftawa?"

"Kullum. Ai na ɗauka cajin ke nan."

Ya ɗauki gidan ya shafa bayanshi da babban yatsa. Wuri ɗaya ya fi ko'ina ɗumi, kuma a nan robar ta ɗan yi tudu, tudun da sai mai nema zai lura. Ya sa farce ya ɓare rigar. Sai ga rabin reza, irin wadda teloli ke karyawa biyu su farke ɗinki da ita, ta lafe jikin gidan, da ɗan jan zare maƙale a bakinta.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar babura daga titi.

Ƙarfin maganaɗisun da faifai ke fitarwa bai san koyil ba, bai san reza ba. Duk ƙarfen da ya shiga tsakani, makulli ne, kwabo ne, zoben rataya ne, wuta za ta riƙa kewaya cikinshi yana ɗaukar zafi, har ya iya narka roba ko ƙona yatsa. Shi ya sa aka sa wa tsarin Qi mai gadi. Gidan iyafis na sanar da faifai yawan wutar da ta iso gare shi, faifai na gwadawa da wadda ya tura. Mai gyaran ya ce wa Kawu: kamar ka aiki yaro da mudu goma na gero, a aiko maka cewa bakwai suka iso, ai ba ka ƙara aikawa sai ka san inda buhun ya huje. Ƙyaftawar nan ita ce faifan ke cewa ya tsaya.

Yaron ne ya sa rezar, bai kuma ɓoye ba. Oga, wato Kawu, na yi mashi faɗa kullum kan rezar da ke ɓacewa cikin ƙyallaye, ga yara na shigowa ba takalmi karɓar ɗinkin iyayensu. Ya lura gidan iyafis na kama ƙarfe, saboda 'yan maganaɗisun da ke riƙe murfi da 'yan kunnen, kuma kullum wuri ɗaya yake zaune bisa tebur. Sai ya mai da rigar kube: da safe ya ɗauko reza daga aljihun keke, in ya gama farka ya tura ta nan, da magariba ya mayar inda ya ɗauko, don Oga na dubawa. Shi ya sa daren da na kai wa mai gyara babu komai ciki.

Kawu bai ce a yi haƙuri ba, manya ba su cika faɗa ba. Amma kayan sallar yaron, da a al'adar shago sai an sallami kowa ake waiwayar su, a daren ya yanka su.

Wanda ke shawarar sayen irin wannan kaya, ga abin da zan ce. Ya nemi alamar Qi a jikin kwalin iyafis ɗin kanshi, ba na faifan kaɗai ba, kuma ya ce a ɗora a gabanshi, don kwali ba ya jin kunyar ƙarya. Ba sai faifai mai wat 15 ba, na wat 5 ya ishi gidan iyafis har da saura. Tsarin Qi2 na 2023, wanda aka gina bisa MagSafe na Apple, na da maganaɗisun da ke daidaita kaya a tsakiya, amma sai kayan ma na da nasu. Mai babban hedifon na bisa kai kada ya wahalar da kanshi, kusan dukkansu igiya suke so, har AirPods Max da duk tsadarshi. Faifai na da ranarshi a garin nan, don ƙurar hunturu da burbushin zare na toshe ramin caji, yawan soka da zarewa kuma na kashe shi. Amma duk inda wutar ta fawa-banki ce, ana lallaɓa ta ta kai dare, asarar da faifai ke yi ba ta da dalili. A nan igiya ta fi.