Highgate da Nunhead: Wa Ke Riƙe da Makulli?

Kamfani ɗaya ne ya buɗe maƙabartun nan biyu na birnin Landan, Highgate a arewa cikin 1839, Nunhead a kudancin kogin Thames cikin 1840. Kasuwanci ne tsantsa: ana sayar wa masu hali wurin kwanciya, a gina musu hubbare da ɗakunan ibada na dutse. Da fili ya ƙare ciniki ya tsaya, sai masu shi suka juya baya, daji da ɓata-gari suka gaje wurin. A nan hanyarsu ta rabu.

Nunhead ƙaramar hukumar Southwark ce ta saye ta a tsakiyar shekarun 1970 a kan fam ɗaya tak. 'Yan sa kai sun kafa ƙungiyarsu a 1981, suna share ciyawa, suna zagayawa da baƙi, suna matsa wa hukuma lamba. Amma ba su ke yanke shawara ba. Gyara mai ma'ana bai samu ba sai da kuɗin asusun cacar ƙasa ya shigo, aka kammala a 2001. Majami'ar da Thomas Little ya zana, wadda aka cinna wa wuta a shekarun 1970, an ƙarfafa bangonta ne kawai. Har yau ba rufi, sama kake gani ta tsakiyarta. Shiga kyauta ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen unguwa.

A Highgate kuwa 'yan sa kai sun haɗu a 1975, zuwa 1981 maƙabartar ta koma hannunsu. Mai abu shi ke da hayaniyarsa. Dole su nemi kuɗi da kansu, shi ya sa ake biya a ƙofa, har mai zuwa ziyarar kabarin Karl Marx, abin da 'yan gurguzu suka daɗe suna gunaguni a kai. Da kuɗin nan ake kula da Titin Masar na cikin maƙabartar da zagayen ɗakunan gawa da ke kewaye da gurbin tsohuwar itaciyar Labanan, wadda ruɓa ta sa aka sare a 2019. Sun yi kuskure su ma: shekaru suka bar itatuwa suna tsirowa yadda suka ga dama don baƙi na son yanayin kango, saiwoyi suka riƙa tuttule duwatsun kaburbura. Da suka farga, su suka shirya gasar tsara gyaran wurin, a 2021 suka zaɓi kamfanin zanen gini na Hopkins da masu tsara fili na Gustafson Porter + Bowman.

Ni dai na fi karkata ga Highgate, duk da kuɗin ƙofar na cizo. Mai zanen gini yana buƙatar wanda zai ce masa e ko a'a ya kuma biya shi, ba wanda zai jira kasafin kuɗin ƙaramar hukumar da ke fama da makarantu da gidajen haya ba. Har doka ƙungiyar Highgate ta nema a majalisar dokoki, ta samu a 2022, wadda ta ba ta damar sake amfani da tsofaffin kaburburan da ba mai nema, don a ci gaba da binne mutane a can.