Ba Duk Kanwar Ja Ba Ce a Gaban Doka

Ƙanena da ke karatu a Wudil ne ya kawo wannan zance majalisarmu ta Gafasa. Wai a Amurka mutum kan ajiye shugabancin ƙungiyar masu son a raba addini da mulki, ya koma fafutukar kare haƙƙin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, waɗanda ake kira LGBT. A can sauyin ofis ne, har da walimar bankwana. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, ai duk kanwar ja ce." A wa'azi kam haka ake haɗa su. Amma dokar Najeriya ta raba su, kuma da yawanmu ba mu sani ba.

Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da na sauya shi. Ke nan a takarda ƙungiyar marasa addini ba haramtacciya ba ce.

A takarda na ce. Mubarak Bala, injiniya ɗan Kano, ya shugabanci Humanist Association of Nigeria. A 2014, da ya bayyana ya bar Musulunci, 'yan'uwansa suka kai shi sashen masu taɓin hankali. Ranar 28 ga Afrilu 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna, bayan wasu lauyoyin Kano sun kai ƙara kan rubuce-rubucensa a Facebook. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa shekara 24 bayan ya amsa laifi. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 5 a Mayun 2024, a Janairun 2025 aka ji ya fito. Kalamansa sun sosa ran jama'a ƙwarai, ni ma ban ji daɗinsu ba. Sai dai a lura: ba don shugabancin ƙungiya aka ɗaure shi ba, tuhumar ita ce ɓatanci ga addini da tayar da hankalin jama'a. Kuma bai sauka daga kujerarsa don ya kama wani aiki ba, kurkuku ne ya raba shi da ita.

Aiki na biyun kuwa, wato fafutukar kare haƙƙin LGBT, shi kansa doka ta mayar da shi laifi. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Shekara 14 ga ma'auratan, wannan kowa ya ji. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne shekara 10 ga duk wanda ya yi wa irin wannan ƙungiya rajista, ko ya gudanar da ita, ko ya mara mata baya. Ba sai ka aikata komai da jikinka ba. Ga kuma shari'ar Musulunci da Kano ta ƙaddamar a 2000: a Disambar 2022 Hisbah ta kama mutum 19 bisa zargin halartar bikin auren jinsi. Shi ya sa sanannun masu wannan fafutuka, irin su Bisi Alimi da ya bayyana kansa a talabijin a 2004, daga Ingila ake jin muryarsu.

Sauyin aikin da ya yiwu a nan gida wani iri ne. Leo Igwe, wanda ya kafa ƙungiyar marasa addini ta Najeriya a 1996, ya buɗe wata a 2020 don kare waɗanda ake yi wa ƙazafin maita. Wannan kam ba sai an yi wa mutumin Ajingi ko Gaya dogon bayani ba. Mun san yadda yaro kan yi zazzaɓi mai zafi ya kira sunan wata tsohuwa, kafin magariba a taru a ƙofar gidanta ana cewa ta fito ta tsallaka shi.