Sayen talotalo guda a gyara a gida: yaushe yake rage kashe kuɗi?

A duk ƙarshen shekara, yayin da bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara suka matso, farashin kaji da zabi da talotalo yakan tashi a kasuwannin Kamaru, tun daga Duwala da Yawunde har Ngaundare da Garwa. A Tibati, babban birnin gundumar Djerem da ke jihar Adamawa, magidanci mai iyali da yawa yakan tsaya yana auna abu biyu: ko ya riƙa sayen nama kaɗan-kaɗan wurin mahauci, ko ya sayi babban tsuntsu guda a yanka a gida, a rarraba, a niƙa, a ci kwana da kwanaki. Hanya ta biyu tana iya rage kashe kuɗi, tana kuma iya jawo asara idan lissafi ko ajiya suka kuskure.

Dalilin da ya sa ake sayensa da rai

A farkon shekarun 2000, daskararrun sassan kaji daga Turai sun cika kasuwannin Kamaru, har abin da aka shigo da shi a 2003 ya haura tan 20,000. Ƙungiyar ACDIC ƙarƙashin jagorancin marigayi Bernard Njonga ta yi gangamin nuna illar wannan nama ga lafiyar jama'a da kuma masu kiwo na gida. Daga 2005 gwamnati ta fara taƙaita shigo da shi, daga bisani ta rufe ƙofa. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau akasarin kaji da danginsu ana sayar da su ne da rai. Wanda ke son tsokar ƙirji zalla ko niƙaƙƙen naman tsuntsu a gari irin Tibati, galibi sai ya yi aikin da hannunsa.

Shi talotalo asalinsa daga Meziko ne, Turawan Spain suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Da Faransanci ana ce wa macen “dinde”, namijin kuma “dindon”, kuma da waɗannan sunaye ake cinikinsa a kasuwanni da dama.

Lissafi kafin ciniki

Nauyin tsuntsu mai rai ba shi ne nauyin nama ba. Bayan an zubar da jini, an fige, an cire kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke saura bai cika wuce kashi uku cikin huɗu ba. Idan aka sake cire ƙashi, tsokar da za a niƙa takan dawo rabin nauyin farko ko ƙasa da haka, musamman a talotalon ƙauye wanda bai kai na gona ƙiba ba.

Ga misali, don a ga yadda lissafin yake kawai: a ce an sayi talotalo mai kilo 6 a kan sefa 15,000. Bayan gyara ya koma kilo 4 da ɗan wani abu, bayan cire ƙashi aka sami tsoka kilo 2 da rabi. Ke nan kowane kilo na tsoka ya tashi a kan sefa 6,000, ban da itace ko gawayi da mai. Wannan adadi shi za a kwatanta da kuɗin kilon naman sa marar ƙashi a kasuwa a wannan rana.

A nan ne Tibati ta sha bamban da manyan biranen kudu. Adamawa ƙasar shanu ce, ga kuma tafkin madatsar ruwa ta Mbakaou da aka gina a kan kogin Djerem a 1969, wanda ke ba garin kifi ɗanye da banda. Saboda haka sau da yawa naman sa da kifi sun fi talotalo araha. Riba tana fitowa ne ta hanya uku: a sayi tsuntsun tun kafin lokacin biki, ko a kiwata shi a gida da dusa da ragowar hatsi, sannan a yi amfani da duk abin da ke jikinsa. Ƙashi da wuya da fukafukai romo ne, hanta da ƙundu da zuciya abincin rana guda ne, kitse kuma man girki ne. Gidan da ya zubar da waɗannan ya zubar da ribarsa.

Idan tsuntsu guda ya fi ƙarfin gida ɗaya, gida biyu za su iya haɗa kuɗi su raba, kamar yadda aka saba yin watanda da sa lokacin Sallah.

Zaɓen tsuntsu

Araha ba ta ado, in ji masu magana. Talotalon da ke lumshe ido, ko majina na zuba daga hancinsa, ko fuskarsa ta kumbura, ko yana zawo, bai cancanci saye ba ko da an karya kuɗinsa. Kamaru ta sha fama da murar tsuntsaye: an gano ta a Marwa a 2006, ta sake ɓulla a gonar kaji ta Mvog-Betsi da ke Yawunde a 2016, sannan a jihar Yamma a 2022. Cutar tana iya kama mutum lokacin yanka da figa. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa a gida ko a unguwa, jami'an ma'aikatar kiwo ta MINEPIA ake sanarwa. Cibiyar LANAVET da ke Garwa ita ce ke gwajin irin waɗannan cututtuka, tana kuma haɗa alluran rigakafin dabbobi.

Mai saye ya shafa ƙirjin tsuntsun. Idan ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa, naman kaɗan ne. Idan tsoka ta cika gefe da gefe, to akwai abin yanka.

Yanka da gyara

Ana hana tsuntsun abinci na awa 8 zuwa 12 kafin yanka, amma a bar masa ruwa, domin hanji ya ragu kada ya fashe ya ɓata nama. Sanyin safiya ya fi dacewa da aikin. Talotalo yana da ƙarfin fiffike, don haka mutum biyu ake buƙata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yanka da wuƙa mai kaifi bayan ya yi bisimilla. Ga iyalai Musulmi wannan ma wata riba ce, domin sun ga yankan da idonsu.

Ruwan figa ya kasance mai zafi kimanin digiri 60, ba tafasasshe ba, saboda tafasasshen ruwa yana dafa fata ta riƙa yagewa. Bayan figa sai a ɗan babbake ƙananan gashin. Wajen fitar da kayan ciki a yi a hankali da hanji da kuma maɗaciya da ke maƙale da hanta, domin idan ta fashe ɗacinta ba ya fita. A wanke a wurin da ruwan ba zai fantsama kan kwanuka ko kayan lambun da za a ci ɗanye ba.

Rarrabawa tana bin gaɓoɓi. A yanka fatar da ke tsakanin cinya da jiki, a banƙare cinyar baya har gaɓar ta ɓalle, sai wuƙa ta wuce ba tare da sara ba. Haka ake yi wa fukafukai. Sannan a bi gefen ƙashin ƙirji da bakin wuƙa a zare tsokar kowane ɓangare. Ƙaurin talotalo yana da jijiyoyi masu tauri kamar tsinke, waɗanda ke toshe injin niƙa, don haka ko a zare su, ko a bar ƙaurin don farfesu.

Niƙa da haɗarinsa

Tsokar ƙirji ba ta da mai, idan aka niƙa ta ita kaɗai takan bushe a tukunya. Shi ya sa ake haɗa ta da naman cinya da ɗan fata. A yayyanka ƙanana, a sanyaya sosai, sannan a niƙa da injin hannu, ko a sassara da wuƙa a kan katako mai tsabta.

Niƙaƙƙen nama ya fi gunduwa saurin lalacewa. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela suna zama ne a bayan nama, niƙa kuma yana cusa su ko'ina cikinsa. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suka gindaya ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32. Tibati tana kan tudu, ta fi Garwa sanyi, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, amma ƙa'idar ta shafi ko'ina. Injin niƙa na unguwa, wanda ake zuba wa gyaɗa da tumatir da tattasai, bai dace da ɗanyen naman tsuntsu ba, domin abin da ya maƙale a ciki zai shiga kayan miyar maƙwabta.

A firij mai sanyin digiri 4, niƙaƙƙen naman yana yin kwana 1 zuwa 2 ne kawai. A firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili yana kai wata 3 zuwa 4, muddin wuta ba ta ɗauke har ya narke ba. A ƙulla shi kashi-kashi gwargwadon girki ɗaya. Wajen dafawa kuma sai zafin cikinsa ya kai digiri 74, wato ya dahu har tsakiya.

Inda babu tabbacin wuta

Gidan da ba shi da firiza, ko wutar unguwarsa ba ta tsayawa, yana da tsohuwar hanyar da iyaye mata suka sani: a dafa kafin a daka. A tafasa naman da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri har ruwan ya tsotse, a daka a turmi ya warware, a soya a mai har ya bushe ƙarau. Dambun naman da aka yi haka, aka bari ya huce, aka zuba a busasshen mazubi mai murfi, yana yin kwanaki da dama, in dai ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali ba. Cinyoyi da fukafukai kuma ana iya bandar su a kan hayaƙi kamar yadda masunta na Mbakaou ke yi wa kifi, a riƙa ɗumama su kullum.

Tsarin da ya fi tsare kuɗin gida shi ne a ci kayan ciki da romo a ranar yanka, a soya ko a banda sassa masu ƙashi kafin la'asar, tsokar kuma ta shiga firiza ko turmi kafin rana ta faɗi.