Karin Kumallo a Gida, Azahar a Bakin Teku: Yadda Jirgin Ƙasa Ke Sauƙaƙa Yawon Yini Guda



Yawancinmu a nan Badawa ba mu taɓa ganin teku ba sai a littafin labarin ƙasa ko a talabijin. Ba abin mamaki ba ne, domin daga Kano zuwa Legas ta layin dogo tafiyar fiye da kilomita 1,100 ce. Amma akwai biranen da yaro sa'anmu zai karya kumallo a gida, ya hau jirgin ƙasa, ya yini a wani garin masunta, ya dawo ya samu sallar isha'i a masallacin unguwarsu. A wannan fitowa za mu yi bayanin yadda hakan ke yiwuwa, da wuraren da ake yi, da kuma abin da ya shafe mu, mu da muke nesa da ruwan gishiri.

Mu fara da lissafi

Yawon yini guda shi ne a tafi a dawo ba tare da an kwana ba. Daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma awa 12 ke nan. Idan zuwa ya ci awa 2, dawowa ma ta ci awa 2, an samu awa 8 na kallo da cin abinci da salla da hutawa. Idan kuwa zuwa ya ci awa 5, to yinin ya ƙare a kan kujera, an sha wahala ba a ga komai ba.

A nan ne darasin lissafi yake amfani: gudu sau lokaci shi ne nisa. Jirgin da ke yin kilomita 40 a awa, a cikin awa 2 ba zai wuce kilomita 80 ba. Wanda ke yin 120 a awa zai kai mutum kilomita 240 a wannan lokacin. Saboda haka idan ana maganar yawon yini guda, abin tambaya shi ne awa nawa tafiyar za ta ci, kuma ko jirgin yana cika alkawarin lokaci.

Me ya sa garuruwan gaɓar teku suka dace da wannan?

Dalili na farko, a jere suke. Idan kuka duba taswira za ku ga garuruwan masunta da ƙananan tashoshin jiragen ruwa sun bi gaɓa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Layin dogo guda ɗaya zai iya ratsa su duka, ba sai an yi wa kowanne nasa reshe ba.

Na biyu, tun asali yawancin layukan dogo na Afirka an shimfiɗa su ne domin kai kaya bakin ruwa. Gyaɗa, auduga, fatu da kuza duk ta jirgin ƙasa suke isa tashar jiragen ruwa. Don haka biranen bakin teku su suka fara samun tashoshi, garuruwan da ke maƙwabtaka da su kuma suka ci arzikin kusanci.

Na uku, babban birni yana da ɗimbin jama'a masu neman shan iska ranar hutu, ƙananan garuruwan kuma suna da kifi da rairayi da tsofaffin gine-gine. Jirgi ya haɗa mai nema da abin da yake nema. Mai suyar kifi ta samu ciniki, mai kwale-kwale ya samu fasinja, jirgin ma ya samu kuɗin tikiti a ranar da ma'aikata ba sa zuwa ofis.

Wannan al'ada ta daɗe. A 1841 wani Bature mai suna Thomas Cook ya shirya wa mutane kimanin 500 tafiyar yini guda a jirgin ƙasa daga garin Lesta na Ingila zuwa wani gari da ke kusa, kowa ya biya sule ɗaya zuwa da dawowa. A shekarar ce kuma aka buɗe layin da ya haɗa Landan da garin Buraitin na bakin teku, wanda ya sa talakan Landan ma ya fara iya zuwa ya ga teku ya dawo a rana ɗaya.

Wurare huɗu da za mu duba

Basilona, ƙasar Sifaniya. Masu kallon ƙwallo sun san sunan. Birni ne a bakin Bahar Rum. A 1848 aka buɗe layin dogo daga Basilona zuwa garin Mataro, tazarar kimanin kilomita 30. Har yau jirage na bin wannan hanya, a wurare da dama dab da rairayin gaɓa, fasinja na kallon ruwa ta taga. Ta kudu kuma akwai garin Sitges, wanda ba ya kai awa ɗaya a jirgi.

Dakar, ƙasar Senegal. Wannan ya fi kusa da mu, domin a Afirka ta Yamma yake. A watan Disamba na 2021 aka buɗe sabon jirgin da ake kira TER, daga tsakiyar Dakar zuwa Diamniadio, kilomita 36. Yana tsayawa a Rufisque da Bargny, dukansu garuruwan bakin Tekun Atlantika. Rufisque tana da tarihi irin namu: tsohuwar tashar fitar da gyaɗa ce, kamar yadda Kano ta yi suna da dalar gyaɗa. Layin dogo na farko ya ratsa ta tun 1885. Abin da ya sa sabon jirgin ya karɓu shi ne yana tashi a kai a kai. Wanda ya rasa ɗaya, 'yan mintuna zai jira wani ya zo.

Jidda, ƙasar Saudiyya. Alhazanmu sun san ta. Jirgin Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana bin layi mai kimanin kilomita 450 daga Makka zuwa Madina, yana iya gudun kilomita 300 a awa. Yana tsayawa a Jidda da kuma sabon Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullahi da ke bakin Bahar Maliya kusa da Rabig. Ku gwada lissafinmu na ɗazu a kansa: a irin wannan gudu, tafiyar da ayarin raƙuma ke kwanaki yana yi ta koma ta ƙasa da awa 3.

Legas, a nan gida. Legas tana da sababbin jirage guda uku da ya kamata mu sani. Akwai layin Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, da aka ƙaddamar a watan Yuni na 2021, wanda ya bi ta Agege da Abeokuta. Akwai Shuɗin Layi mai amfani da lantarki, da ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023 daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13. Sai Jan Layi na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda shi ma ya ratsa Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai Badagiri, tsohon garin bakin teku inda aka riƙa lodin bayi zuwa Amurka, inda kuma akwai tsohon gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845. Mai son zuwa can daga Marina, jirgi zai sauke shi a Mile 2, daga nan sai mota da cunkoson hanya. Shirin da ake da shi shi ne a tsawaita Shuɗin Layi zuwa Okokomaiko a kan wannan hanya ta Badagiri.

Abin da muka fahimta daga waɗannan wurare huɗu shi ne, samun teku a kusa bai wadatar ba. Sai layi ya kai garin, jirgi yana da gudu, yana tashi sau da yawa a yini, akwai kuma na dawowa da yamma wanda za a iya dogara da shi.

Me ya sa ba mota ba?

Jirgin ƙasa yana da hanyarsa shi kaɗai, ba ya shiga cunkoso, ba ya tsayawa neman fasinja a kowace kwana. Tarago ɗaya zai kwashe aji guda har da malamansu, kowa a gaban idon malami. Ku tuna yadda ake fama idan za a je ziyarar ilimi: neman bas, kuɗin mai, da fargabar iyaye saboda haɗurran hanya. Sau da yawa wannan fargaba ce ke sa a hana yara zuwa, musamman 'yan mata. Jirgi mai tsari yana rage wannan damuwa.

To mu fa a Kano?

Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, aka haɗa mu da Legas a 1912. Tsohuwar tashar tana nan, daga Badawa ɗan adaidaita sahu zai kai mutum. Amma tsohon layin siriri ne, tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,067, yana da kwanoni da yawa. Lokacin da aka dawo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, tafiyar tana cin awa 30 ko fiye, wato bai kai kilomita 40 a awa ba. Don haka zuwa teku a dawo a yini guda ba namu ba ne.

Amma lissafin nan yana aiki a tudu kamar yadda yake aiki a gaɓa. A 2021 aka ɗora harsashin sababbin layuka biyu masu faɗin milimita 1,435. Ɗaya daga Kano zuwa Kaduna ta Zariya, kimanin kilomita 200. Ɗayan daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Idan suka kammala, jirgi ya riƙa yin ko da kilomita 100 a awa, to ajinmu zai iya zuwa ya ga Rijiyar Kusugu a Daura, ko Hasumiyar Gobarau a Katsina, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a dawo kafin magariba.

Ko bakin ruwa ma muna da namu. Tsohon layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru, inda masunta ke kamun kifi, tsuntsaye kuma ke zuwa daga Turai da sanyi. Da a ce an gyara wannan layi ya samu jirgi mai sauri, da darasin labarin ƙasa ya fita daga allo.

Sai dai ƙarfe kaɗai ba ya tafiya. Layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, ya fara aiki a 2016, mutane suka riƙa zuwa aiki su dawo a rana ɗaya. Da 'yan bindiga suka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022, aka rasa rayuka aka sace fasinjoji, sai da jirgin ya tsaya har watan Disamba. Babu uban da zai sa hannu a takardar izinin ziyara idan babu tsaro. Akwai kuma namu ɓangaren: masu sace ƙarafan layi, masu zubar da shara a kansa, da yaran da ke jifan jirgi da dutse, duk a cikin unguwanni suke. Mu hana ƙannenmu, mu kuma daina tsallaka layi ba tare da dubawa ba, domin jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota.

Ga wanda Allah Ya kai shi

Wasu daga cikinmu kan je hutu wurin 'yan uwa a Legas, wasu kuma za su je karatu ko Umara nan gaba. Ga shawarwari kaɗan:

1. Kafin ku tambayi lokacin jirgin tafiya, ku tambayi lokacin jirgin ƙarshe na dawowa. Kada ku dogara da shi, ku hau wanda ke gabansa.
2. Ku sayi tikiti a tagar tasha ko ta hanyar da hukuma ta amince, ba a hannun 'yan bayan fage ba. Ku adana shi har ku fita daga tasha.
3. Ku zaɓi gari ɗaya ku gan shi sosai. Mai son ganin uku a yini guda tashoshi kawai zai gani.
4. Ku riƙe ruwan sha da ɗan guzuri, ku kuma san inda za ku yi azahar da la'asar.
5. Teku ba kududdufi ba ne. Ruwansa yana cika yana janyewa, a yawancin wurare sau biyu a yini, saboda jan da wata ke yi masa. Igiyarsa tana iya kwashe ƙafar babban mutum a ruwan da bai wuce gwiwa ba, kuma gaɓar Legas ta yi suna wajen ƙarfin igiya. Ko kun iya iyo a gida, ku tsaya a tudu ku yi kallo.
6. Kada ku tafi sai da babba, kuma a gida a san inda kuka nufa.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, gani kuma ya kori ji. Muna roƙon malamanmu na labarin ƙasa da na tarihi su duba yiwuwar kai mu tsohuwar tashar jirgin Kano a wannan zango, mu ga layi da tarago da idonmu, mu ji bayani daga bakin ma'aikatan reluwe. Wannan ba ya buƙatar jiran sabon layi.

Ga kuma aikin gida ga masu son lissafi: idan jirgi yana yin kilomita 120 a awa, ya bar Kano ƙarfe 7 na safe, ƙarfe nawa zai isa Maraɗi in bai tsaya ko'ina ba? Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin ƙungiya. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.